Man Shanu a Kujerar Mota

Tun da na dawo daga Maradi ba a bar ni na huta ba. In na zauna a tasha tambaya, in na fito masallaci tambaya, kuma kowa da irin labarin da ya tsinto. Wani ya ce wurin boka na kai motar Hajiya, wani ya rantse sababbin kujeru anka sa mata. To, ku gyara zama. Sau ɗaya za ni faɗa, wanda ya sake tare ni da zancen nan bayan yau sai ya saya mini shayi da ƙwai.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Nomau direba, mutumin Kurawa. Shekara ashirin da ɗaya ina riƙe da mabuɗin motar gidan Hajiya Ige, wadda ke fataucin hatsi tsakanin kasuwar Sabon Birni da ta Isa. Da mijinta na fara aiki, Allah ya jiƙan Alhaji. Motar da ake zance ita ce ta ƙarshe da ya saya kafin ya rasu. Kujerunta na fata ne, ruwan madara, kuma Hajiya ba ta yarda a sa ko tiyar gero a cikinta. Buhuna suna da akori-kurarsu. Wannan ta zuwa suna ce da gaisuwa da asibiti.

Da damina ta zo ƙarshe na ga kujerun sun yi dauɗa. Na samo omo da buroshin wanki na dirje su tas, na buɗe ƙofofi huɗu na bar su a rana su bushe. Da la'asar na zo na taɓa, sai na ji su ƙamas kamar kilishi, ga tsaga ta fito a gefen kujerata. Nan na tuna babanmu a Kurawa, in wasakin rijiya, gugan nan na fata, ya bushe, ko sirdin dokinsa, man shanu yake shafa musu su yi laushi. Na ce ai fata fata ce. Na je wurin Fulani na sayo ƙwarya guda, na zauna na mulke kujerun nan gaba da baya. Ranar sun yi sheƙi, har mai gadi na kira ya zo ya ga aiki, ina ta hura hanci.

Kwana uku cikin zafin kaka, mota ta fara wari. Kiyashi sunka ja layi tun daga taya har cikin ɗinki. Ban gama tunanin abin yi ba sai ga Hajiya ta fito cikin farin leshi, za ta Isa gaisuwar mutuwa. Ta shiga ta zauna, munka kama hanya. Da ta sauka, bayan zanenta duk maiƙo, mata na kallo suna kau da kai. Wallahi ranar na so ƙasa ta tsage in shige.

Da munka dawo ta sa anka kira ni zaure. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce babban ɗanta da ke Abuja ya daɗe yana matsa mata ta sallame ni ta ɗauki mai jini a jika, ita ce take ƙi. Ga shi nan da kwana goma zai zo.

“Nomau,” in ji ta, “ba ni son rabuwa da motag ga, ba ni son rabuwa da kai. Amma in yat tarar da kujerun ubanai haka, ba ni da bakin kare ka. Mabuɗin ga ba shi ƙara kwana hannunka.”

Ni kuwa ban iya komai a duniya ba sai tuƙi, ko noman kirki ban iya ba. Na zaga masu wankin mota na Sabon Birni da Isa. Wani ya ce a goge da fetur, wani ya ce a yage fatar a sa roba. Ina cikin wannan hali abokina Ila mai albasa, wanda ke shiga Nijar kamar ɗakin uwarsa, ya ce akwai wani tsoho a Maradi, Baba Arzika, har daga Yamai manya ke aiko masa da motoci. Hajiya ta ba ni takardun mota, ta ce Allah ya sa a dace.

Sai da rana ta fito sosai munka tashi, tare da wasu motoci uku na ’yan kasuwa, don kun san hanyar nan yanzu ba a yi mata sammako, ba a kuma bin ta mutum ɗaya. Gilasai duk a sauke saboda wari. Ila ya shimfiɗa buhu ya zauna a kai, ya naɗe hanci da rawani, yana cewa ko ruɓaɓɓiyar albasarsa ta fi motata mutunci. Sau biyu na faɗa rami har kansa ya bugi rufi. Ya ce mini wai ba na gani ne? Na ce rana ce ke dukan gilashi, ya yi mini shiru in ba tuƙin za shi karɓa ba.

Kan iyaka ba wani gini ba ne. Ganguna biyu ne da igiya a tsakani, sai rumfa a gefe. Ila ya kwarma ihu, na taka burki, amma ina, na riga na kwashi igiyar, ganga ɗaya ta biyo mu tana kururuwa. Wani jandarma dogo baƙi ya taso daga rumfa yana tahowa a hankali, na ce shi ke nan, yau a ɗaure za ni kwana. Ya sunkuyo ya dubi fuskata, ya ga tsagar Gobirawa, sai ya fashe da dariya. Ashe Bazabarme ne, abokin wasa. Ya juya ya gaya wa ’yan uwansa cewa bayinsa ne sunka zo gaisuwa, ɗoki ya hana su tsayawa. Na samu baki na ce tun yaushe ubangida ke tsayawa a igiyar baransa? Ya sa kai ta taga zai ba ni amsa, warin ya doke shi, ya ja da baya yana tambaya ko mushe munka ɗauko.

Amma kada ku ce wasa ya hana aiki. Mutumin nan ya karanta takardunmu layi-layi. Ya ce in nuna tukunyar kashe gobara, na nuna. Ya ce akwatin magani, na tono shi daga ƙarƙashin taya, ya buɗe ya duba har ranar lalacewar maganin. A wurinmu in an yi dariya tare magana ta ƙare, can kuwa dariya daban, takarda daban. Daga ƙarshe ya sa ni na mirgino gangar da kaina na ɗaure igiyarsa, sannan ya nuna mana inda ake yankar takardar shiga da mota.

Mun bi ta Tsululu a kan rairayi, munka hau kwalta a Gidan Runji, munka tsaya sallar azahar a Tsibiri. Nan abin ya fara ba ni mamaki. Na ƙetare ƙasa, an buga mini hatimi, amma duk fuskar da na duba tsagar gidanmu ce. Wata tsohuwa mai fura ta ji maganata ta ce ɗan wane gari ne, na ce Kurawa. Sai ta fara lissafo mini sunayen unguwanni da rijiyoyi, har da wata tsamiya da anka sare tun ina yaro. Can anka haife ta, aure ya kawo ta nan. Ta ƙara mini nono ludayi biyu, ta ce in gaida gida, kamar jiya ta baro.

Maradi gari ne, jama’a. Abin da ya fara tsaya mini a rai mata ne a kan babur, da hijabinsu da kwandon cefane, suna ratsa motoci ba ko gezau. Na biyu, da rana ta take sai a rufe shaguna a tafi a kwanta, sai la'asar a buɗe. A Sabon Birni in ka rufe shago da tsakar rana sai an zo tambayar wa ya rasu. Mun sauka gidan fatoman Ila, mai saukar da baƙin kasuwa, zaure babba cike da fatake, wasu daga Ƙonni, wasu daga Agadas. Anka kawo dambu da zogale ya sha mai, na ci har na ji kunya. Burodinsu kuwa dogo ne kamar sandar makiyayi, da na gatsa sai da ya yanke mini dasashi. Da anka zo shayi na kurɓe ɗan kofin na miƙe, Ila ya jawo mini riga ya ce zauna, sau uku ake sha, tashi a na farko raini ne. Na koma na zauna. Na farko ɗaci, na ƙarshe zaƙi, kuma ba mai gaggawa a cikinsu sai ni, da nake ƙirga kwanakin zuwan ɗan Hajiya.

Da safe munka nufi wurin tsohon, a bayan majema. Tun daga nesa warin jima ya tare mu, Ila ya ce yau dai motata ta samu dangi. Ban taɓa ganin fata da yawa haka ba. Ramuka jere, wasu na toka, wasu na bagaruwa, maza tsaye a ciki suna tattakawa, ga fatun awaki da anka rina da karan dafi an shanya su jawur har iyakar ganina. Bayan nan akwai wani gida mai faffaɗan fili, an yi rumfar zana doguwa, motoci huɗu a ƙarƙashinta, ko ɗigon rana bai taɓa su. Ba rediyo, ba hayaniya, ba tiyon ruwa irin na masu wankinmu. Wata mata mai kimanin shekara arba'in ta tare mu, ta ce sunanta Rabi, ɗiyar Baba ce. Ta je gindin rumfa inda wani ɗan siririn tsoho ke zaune a kan buzu, ya miƙe, ya ɗora hannu a kafaɗarta, sunka taho. Sai a lokacin na gane. Baba Arzika makaho ne.

Raina ya ɓaci. Na matsa kusa da Ila na ce masa a hankali, duk wahalar nan wurin makaho ka kawo ni? Tsohon ya ji, don kunnensa ba ya barci. Saura taku biyar ya isa motar ya tsaya, ya ɗaga hanci.

“Man shanu na, ɗanye, ba a soya ba,” in ji shi. “Kafin shi an sa omo, an bar ta ga rana. Ɗana, ubanka baduku na ko mai doki?”

Na ce mai doki ne, Baba. Ya gyaɗa kai. Ya ce ya sani, don wanda bai tashi gidan da anka san fata ba ba zai yi wannan kuskure ba. Bai yi mini dariya ba. Ya ce babanmu ya yi daidai, a kan fatarsa. Fatar wasaki da ta sirdi jimar bagaruwa ce, bakinta a buɗe yake, abin da ka ba ta za ta sha. Ta mota kuwa an shafe fuskarta da fenti siriri, an rufe mata baki. In ka zuba mata mai sai ya zauna a sama yana tara ƙura, sauran ya bi ramin ɗinki da tsaga ya gangara cikin soso ya ruɓe. Omo kuma ya cinye ɗan laushin da ke gare ta, rana ta gasa abin da ya rage.

Ya sa anka zuba masa ruwa ya wanke hannu har gwiwa, ya tuɓe takalmi, sannan ya shiga motar. Ni da nake shigarta da takalmin kasuwa shekara da shekaru, sai na ji kunya ta kama ni. Ya fara bin kujerun da tafin hannu, a hankali, kamar ungozoma na duba ciki. A kujerar baya ta dama ya ce mace ke zama nan, ba ta da jiki, tana jingina da ƙofa, kuma carbi ba ya barin hannunta, ga inda ’ya’yansa sunka goge fatar madogari. Ya dawo ta gaba, kusa da direba, ya daɗe. Ya ce wani babban mutum ya zauna nan shekaru, amma an jima ba a zauna ba, fatar ta bushe da rashin mai ita. Wurin Alhaji ne. Tun da ya rasu Hajiya ba ta barin kowa ya hau, ko Ila sai da buhu ya zauna. Da ya zo kujerata ya fi daɗewa. Ya shafa baya, ya shafa gaba, ya sake shafa baya. Sai ya tambaye ni shekara nawa nake tuƙa ta.

Aikin kwana huɗu ya ci, kuma bai bar ni na zauna kallo ba. Ranar farko ba a taɓa ruwa ba sam. Mun danna tsumma mai laushi a kan man, dannawa ba gogewa ba. Rabi ta daka farar ƙasa ta tankaɗe ta da ƙyalle har sau uku, anka barbaɗe kujerun da ita, anka bar su har wayewar gari. Da safe da munka share, ƙasar da ta kwana fara ta tashi ruwan ɗorawa, ta tsotso man. Haka munka sake yi a dare na biyu. Sun kwance kujerun sun fitar da soson da man ya ruɓar, sun sa wani.

Rana ta uku anka zo wanki, shi ma ba irin wanda na sani ba. Sabulun wankan jarirai Rabi ta kaɗa a ƙwarya har ya yi kumfa, kuma kumfar kaɗai ake ɗiba, ruwan na nan. Baba yana da ɗan buroshi na gashin wutsiyar doki wanda ya ɗaure da hannunsa. Sai ya wanke wuri kamar faɗin tafin hannu, ya bi da tsumma mai ɗanshi, ya bi da busasshe, sannan ya matsa gaba. Ɗinki kuwa da tsinke yake binsa, an naɗa masa auduga, rami-rami. Ni na wanke wani gefe na ce na gama. Ya zo ya bi da bayan yatsunsa ya ce nan saura, nan ma saura. Na duba ban ga komai ba, har na fara gunaguni. Rabi ta karkato da madubi haske ya faɗa wurin, ta ce gaskiyar Baba ce. Daga nan na kama bakina.

Launi kaɗai ne aikin da ya bar wa ɗiyarsa. Ita ke haɗawa, ta gwada a ƙarƙashin kujera inda ido bai kai, ta jira ya bushe, ta ƙara ko ta rage. Shi kuma ya cike tsagar, ya lallaɓa ta da yatsa har ta daidaita, ita ta bi da launi. Ba sa magana da yawa, in ya miƙa hannu ta san abin da yake nema. Daga ƙarshe ya lakato wani farin mai da ba ya da maiƙo, bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ya ce wannan ya ishi kujera guda. Ni da na juye ƙwarya! Ya ce in ina son fatar nan ta kai jikokin Hajiya, in riƙa share ƙura duk mako da tsumma mai ɗanshi, in ajiye mota a inuwa, in babu inuwa in rufe gilashin gaba ko da tabarma ce. In abu ya zube a danna shi nan take, kada a goga. Kuma kada in sake barin mai biro ko mai wuƙa a aljihun baya ya zauna mata. Da anka mayar da kujerun na sa hannu, wallahi kamar kumatun jariri, warin nan ko alama babu. Na ce a raina mabuɗi ya tsira.

Muna shirin tafiya ya ce wa Rabi ta kai Ila ya ga majema. Da sunka fita ya ce in shiga in zauna kamar ina tuƙi. Na shiga na kama sitiyari. Sai na ji hannunsa ya ratsa tsakanin bayana da kujera, ya wuce salin-alin, bai taɓa komai ba.

“Bayan kujerag ga akwai gurbinka,” in ji shi. “Shekaru ka yi kana jingina, har fata ta ɗauki siffarka. Amma gurbin ya fara tashi, bakin kujera shi ne yac ci, nan gaba. Mutum ba shi zama bakin kujera shina tuƙi sai in shina neman hanya da ido. Tun yaushe, ɗana?”

Na hasala. Na ce kujerar ce ta lalace, na ce bayana ke ciwo, na ce wanki na kawo ba duba ba. Ya bar ni na gama, hannunsa na nan inda yake. Da na rasa abin faɗa sai na ji bakina ya ce shekara biyu. Shekara biyu ke nan ina ganin duniya kamar ta cikin hayaƙi, idon dama ya fi tsanani. Ban gaya wa kowa ba, ko matata. Hanyar Isa na haddace ta, shi ya sa ba a gane ba. Ramukan da na faɗa da igiyar jandarma ba rana ce ta jawo su ba.

Ya ce shi ma haka ya yi. Baduku ne a da, mai ɗinkin jaka da takalmi, ido ya fara masa hazo ya ɓoye, don kada masu kawo aiki su gudu. Shekara huɗu yana ɓoyewa. Ranar da ya yarda anka kai shi likita, an ce da ya zo da wuri da an ceci ko ɗaya.

“Amma ni basilla ta ga hannuna,” in ji shi. “In na kuskure, yatsana nika hudawa. Kai mi ke hannunka?”

Ya zare hannunsa ya laluba ya koma kan buzunsa.

Ila ne ya tuƙo mu gida. Da na miƙa masa mabuɗi ya buɗe baki zai yi tsiya, ya dubi fuskata ya fasa. A kan iyaka Bazabarmen nan ya ce lallai bawansa ya yi arziki, har da direba. Na yi masa murmushi kawai, ban iya ramawa ba. Tun daga Tsululu har gida ina ta shawara da zuciyata. Kujeru sun gyaru, ɗan Hajiya zai zo ya gani ya yi shiru, ba wanda ya san sirrina sai makaho a wata ƙasa. In na kama bakina, mabuɗi nawa ne. Sai kuma in tuna sau nawa na kwaso jikokinta daga makaranta, su biyar a baya suna waƙa.

Mun iso kafin la'asar, saura kwana uku ɗanta ya zo. Hajiya ta fito ta buɗe ƙofa, ta shaƙi iska, ta shafa wurin zamanta. Ta zagaya ta shafa na Alhaji, ta daɗe tsaye a wurin. Sannan ta juyo tana murmushi ta ce in je in huta, jibi za mu Isa. Na durƙusa na ajiye mabuɗin a gabanta, na gaya mata duka, ban rage komai ba.

Ta dubi mabuɗin, ta dube ni.

“Na sani tun bara,” in ji ta. “Ran da kaw wuce mahaɗar Isa ba ka gani ba. Kullum muna tafiya ina baya ina jan carbi. Na rasa yadda za ni ce ma mutumin da yad ɗauki gawar mijina ya aje mabuɗi.”

Ɗan nata da nake tsoro shi ya kai ni asibitin ido a Sakkwato, da kansa ya tuƙa. Likita ya ce idon hagu farar yana ce ta rufe shi, za a iya cirewa. Na dama kuwa na makara. An yi aiki, washegari anka kwance bandeji, anka riƙo hannuna zuwa motar Hajiya. Da anka buɗe mini ƙofar baya na tsaya cak. Ashe duk kwana huɗun nan a Maradi da hannu na ga aikin, ba da ido ba. Yanzu ga shi tarwai, kowane ramin ɗinki fes, launi ɗaya tun daga sama har ƙasa. Na leƙa gefen kujerata ina neman inda tsagar take, na duba da sabon idona har ya yi ruwa, ban same ta ba. Mutumin da ya yi wannan aiki bai taɓa ganinsa ba, ba kuma zai gani ba. Na tsaya a bakin asibiti ina kuka, ɗan Hajiya na cewa likita ya hana.

Likita ya ce da ido ɗaya ba ni ba doguwar hanya. Mabuɗin yana hannun wani yanzu, mutumin Tsamaye, ba laifi yana da hankali. Ranar Juma'a da safe nakan je in share kujerun a inuwar darbejiya, in ya zo ɗaukar mota sai ya tsaya daga gefe har in gama.